Danshi, Kanwa da Iska: Abin da Ke Riƙe Rairayi da Abin da Ke Sakinsa

A ƙasar Manga, tsakanin Gure, Gudumariya da Maine-Sorowa a Nijar, har zuwa Yusufari a arewacin Jihar Yobe, akwai kwaruruka da yawa da tuddan rairayi suka yi wa zobe. Wanda ya gangaro daga kan tudu zuwa tsakiyar kwari zai taka ƙasa iri uku cikin 'yar gajeriyar tafiya. Da farko busasshen rairayi mai cinye ƙafa. Bayan ya wuce goriba ya shiga dabino da lambuna sai ƙasa mai duhu da ɗan sanyi, wadda in an damƙa take dunƙulewa. A can tsakiya kuma farin ɓawon kanwa, wani wurin da tauri yana ƙara ƙarƙashin takalmi, wani wurin ya kumbura ya yi laushi. Iskar hunturu ɗaya ce ke bi ta kansu. Na farko tana kwasarsa duk lokacin da ta taso, na biyu ba ta iya taɓa shi, na uku kuwa yau ya gagare ta, bayan wata guda shi ne ke tashi fari fat yana shiga idon mutane da hancinsu.

Abin da ya raba wuraren nan uku bai wuce ruwa da gishirin da ke cikin milimita biyu ko uku na fuskar ƙasa ba. Iska ba ruwanta da abin da ke can ciki, fuskar kawai take gogawa. Mai aikin kafe tudun rairayi, da mai lambu a kwari, da manomin gero a jigawa, duk suna bukatar sanin yadda wannan siririyar fuska take, domin ana yawan ɗora wa danshi da gishiri amanar da ba za su iya riƙewa ba.

Iska ba ta ɗaukar rairayi ta yi sama da shi yadda take yi wa ƙura. Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila da ya daɗe yana ratsa hamadar Libiya da mota, shi ya fayyace lamarin a littafinsa na 1941. Ƙwayar rairayi tsalle take yi. Iska ta fizge ta, ta tashi 'yan santimita, ta faɗo a karkace da ƙarfi, ta bugi wasu ƙwayoyin su ma su tashi. Kusan kashi uku cikin huɗu na rairayin da ke tafiya ta wannan tsalle yake tafiya, kuma akasarinsa ba ya wuce tsayin gwiwa. Ragowar manyan ƙwayoyi ne da ake turawa suna mirgina a ƙasa. Ita kuwa ƙura, wadda ƙwayarta ba ta kai milimita 0.05 ba, iska kaɗai ba ta cika iya ɗaga ta daga kwance ba, saboda ƙwayoyinta a manne suke da juna. Sai rairayi mai tsalle ya faɗo mata ya tarwatsa ta, sannan ta tashi ta zama hazo.

Ƙwayar da ta fi saurin tashi ita ce mai kaurin kusan milimita 0.1. Busasshen rairayin tudu yakan fara motsi idan iska, a daidai tsayin mutum, ta kai gudun mita 5 zuwa 6 a sakan, wato wajen kilomita 20 a awa. Da zarar tsallen ya kankama, ko iskar ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar ba zai tsaya ba, domin ƙwayoyin da ke faɗowa suna taya ta aiki. Kuma idan gudun iska ya ninka sau biyu, kayan da take kwasa yakan ninka kusan sau takwas. Shi ya sa iskar rabin awa gabanin hadari kan yi ɓarnar da iskar mako guda ba ta yi ba. Danshi da gishiri duk aikinsu ɗaya ne a nan: su manne ƙwaya da ƙwaya, har ya zama sai iska mai ƙarfi fiye da waccan kafin tsallen farko ya yiwu.

Ruwa kaɗan, aiki babba, amma ba ya daɗewa

Idan rairayi ya ɗan jiƙe, ruwan ba ya cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi. Taruwa yake yi ya zama ɗan zobe a daidai inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya, kuma irin jan da ke sa ɗigon ruwa ya dunƙule a kan ganye shi ke matse ƙwayoyin biyu wuri guda. Gwajin da wani mai bincike, Belly, ya yi cikin bututun iska (inda ake hura iska a kan rairayi ana aunawa) a Amurka a 1964 ya nuna cewa ruwa kashi 0.6 cikin 100 na nauyin rairayi ya isa ya ninka ƙarfin iskar da ake bukata sau biyu. Wannan giram 6 ne na ruwa a kilo ɗaya na rairayi, ƙaramin cokalin shayi da ɗan ɗoriya. Idan danshin ya kai kashi 5 cikin 100, da wuya a sami iskar da za ta motsa shi.

Ƙasa mai laka ba haka lissafinta yake ba. Laka tana shanye ruwan farko ta manna shi a jikinta, kuma wannan ruwan ba ya yin zobe tsakanin ƙwayoyi, saboda haka ba ya riƙe komai. Masu bincike a Faransa sun fitar da ƙa'idarsa a 1999: ƙasar da lakarta kashi 10 cikin 100 ce sai ta sha ruwa kusan kashi 2 cikin 100 kafin danshi ya fara tasiri, mai laka kashi 20 kuma sai kusan kashi 4. Don haka in an auna gonaki biyu aka sami danshi iri ɗaya, wannan bai nuna cewa suna da kariya iri ɗaya ba.

A nan ne gizo ke saƙar: iskar da ake so danshi ya tsare ita ce ke busar da shi. Rairayi ba ya iya janyo ruwa daga ƙasa da sauri ya mayar da wanda ya tafi, sai fuskar ta bushe ƙwaya ɗaya bayan ɗaya alhali taƙi ɗaya a ƙasa jagab yake. A jigawa, in akwai rana da iska, rairayi kan koma tafiya cikin rabin awa bayan ruwa mai yawa. Ƙwayoyin da suka fara bushewa su tashi, su bugi masu danshi su ɓamɓare su, waɗancan su bushe a iska kafin su sauka.

Wanda ke tunanin yayyafa wa rairayi ruwa don ya kwanta, ya yi wannan lissafi. Santimita ɗaya ta saman hekta guda tana da nauyin kusan tan 160. Kai ta ga danshin kashi 5 cikin 100 na bukatar lita 8,000. A bazara kuwa rana da iska na iya shanye milimita 8 zuwa 10 na ruwa a yini, wato lita 80,000 zuwa 100,000 a hekta. Tankar ruwa guda ba za ta kai azahar ba. Yayyafi yana da amfani a wurin gini, inda ake son a kwantar da ƙura na awa ɗaya ko biyu, amma ba maganin tudu ba ne.

Manomin gero ya fi kowa sanin wannan rauni. Daga watan Mayu zuwa Yuli hadari kan taso daga gabas, iska mai ƙarfi na gabansa da minti 10 zuwa 30 kafin ɗigon farko ya sauka. A lokacin gona tsirara take, dabbobi sun cinye kara, an kwashe saura don shinge da girki. Ruwan da aka yi kwana uku da suka wuce ya isa ya tsirar da shuka, amma fuskar ƙasa ta riga ta bushe. Rairayi ya yanke ganyen geron ko ya binne shi, a koma neman iri. Shi kansa ruwan sama yana da nasa laifi: bugun ɗigo yana tace ƙasar jigawa, manyan ƙwayoyi su zauna a sama a sake, lallausan su sauka su yi siririn ɓawo a ƙarƙashinsu. In ta bushe iska ta share na saman, ta bar fako mai santsi da ruwa ba ya shiga.

Busasshiyar fuskar tana da wani alheri da bai kamata a manta ba. Da zarar santimita 10 ko 20 na sama sun bushe, hanyar hawan ruwa ta yanke, na ƙasa ya daina tashi. Shi ya sa in ka tona tudun rairayi a tsakiyar rani kamu ɗaya ko biyu sau da yawa za ka tarar da laima. Da wannan laimar itacen da aka dasa a tudu yake rayuwa.

Danshin da ke daɗewa shi ne mai tasowa daga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ruwa na hawa ta tsakanin ƙwayoyi, kuma gwargwadon laushin ƙasa gwargwadon nisan hawansa: a yashi mai tsakuwa-tsakuwa bai fi taƙi ɗaya ba, a lallausan rairayi rabin mita zuwa mita ɗaya, a ƙasa mai laka mita biyu ko fiye. Iska na iya haƙar ƙasa har sai ta iso inda wannan laima take, daga nan ta tsaya. Kwarin Kattara na Masar, wanda gindinsa ya kai mita 133 ƙasa da fuskar teku, a kan laka mai gishiri da laima haƙar ta tsaya. Haka gindin kwarurukan Manga yake. Muddin ruwa na dab da fuska yana jiƙa ta, iska ba ta da abin ɗauka a wurin.

Gishiri iri-iri ne, halinsa ma iri-iri

Ruwan da ke hawa daga ƙasa ba shi kaɗai yake hawa ba, yana ɗauke da narkakken gishiri. Ruwan ya tafi, gishirin ya zauna. Kuma inda ruwa ya fi daɗewa kafin ya bushe shi ne wancan zoben da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, don haka a nan gishirin ke daskarewa. Zoben ruwa ya koma zoben dutse. Nickling da Ecclestone sun gwada haka a Kanada a 1981: suka jiƙa rairayi da ruwan gishiri, suka busar, suka sa a bututun iska, suka tarar ko ɗan gishiri kaɗan yana ɗaga ƙarfin iskar da ake bukata sosai, kuma yana ci gaba da hawa yayin da gishirin ke ƙaruwa. Bambancinsa da danshi shi ne rana ba ta kwance shi. Ƙara masa ƙarfi ma take yi.

Wannan gaskiya ce game da gishirin girki. Ɓawonsa tauri ne da shi, zafi da sanyi ba sa canza masa siffa, kuma ba ya fara narkewa sai laimar iska ta kai kashi 75 cikin 100. In ta kai, ya sha ruwa ya yi laushi, in ta sauka ya sake daskarewa ya like tsagogin da suka buɗe. A Bilma da Fachi, cikin hamadar arewa maso gabashin Nijar, inda ruwan sama na shekara bai taka kara ya karya ba, da tubalin ƙasa mai gishiri aka gina tsofaffin gidaje, kuma iska ba ta cinye su ba. Ruwan sama ne abin tsoronsu.

Sai dai abin da ke tsakiyar kwarurukan Manga da gabar Tafkin Cadi ba gishirin girki ne zalla ba. Kanwa ce, da ɗan'uwanta gwangwarasa da majema ke amfani da shi, a gauraye da gishirin. Waɗannan biyun suna da halin da gishirin girki ba shi da shi: suna shigar da ruwa cikin jikin ƙwayarsu idan akwai sanyi da laima, su fitar da shi idan zafi da bushewa suka zo. Gwangwarasa, ƙasa da digiri 32 a ma'aunin Salsiyos, in ya sami laima yakan kumbura ya ninka girmansa sau uku ko fiye. Kumburin yana ture ƙwayoyin ƙasa ya raba su. Da rana ta yi zafi ruwan ya fita, abin da ya kumbura ba ya komawa dutse, rugujewa yake ya zama gari. Kanwa ma tana da irin wannan juyi a kusan wannan zafin. Yanayin da juyin ke so shi ne dare mai sanyi a kan ƙasa mai laima a ciki, da yini mai rana da busasshiyar iska. Wato hunturun Sahel, daidai lokacin da iska ta fi naci. Ɓawon da ya yi wannan juyi sau da yawa, in ka dafa shi da yatsa sai ya lotsa, ka ga ƙarƙashinsa fanko ne cike da farin gari.

Babu inda aka nazarci wannan kamar Tafkin Owens a Kalifoniya. A 1913 aka karkatar da kogin da ke cika shi zuwa birnin Los Angeles, zuwa 1926 tafkin mai faɗin kusan murabba'in kilomita 280 ya ƙafe. Gindinsa cike da kanwa da dangin gwangwarasa, ruwan ƙasa kuma kusa. Ya zama wurin da ya fi ko'ina fitar da lallausar ƙura a Amurka. Da zafi ɓawonsa kan yi tauri, da sanyi ya kumbura ya yi gari, iska ta kwashe, ruwan ƙasa ya sake kawo wani gishirin. Daga farkon shekarun 2000 aka tilasta wa birnin gyara, an kashe fiye da dala biliyan 2, kuma manyan hanyoyin da suka yi aiki uku ne: malala ruwa har kashi 75 cikin 100 na filin ya zauna a jiƙe, shuka ciyawa mai jure gishiri, da shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 10. A lura, babu ɗaya cikin ukun da ya dogara da ɓawon da wurin ke yi da kansa. Tekun Aral na tsakiyar Asiya ma, tun da aka janye kogunan Amu Darya da Syr Darya don noman auduga daga shekarun 1960, ƙurar gishiri ce gindinsa ke aika wa garuruwan kewaye.

Darasin da ya shafi kwari kai tsaye yana cikin zurfin ruwa. Binciken da aka yi a busassun tafkunan hamadar Mojave ta Amurka ya nuna cewa waɗanda ruwan ƙasansu bai kai zurfin mita 5 ba su suka fi fitar da ƙura, ba waɗanda ruwansu ya yi nisa ba. In ruwa na dab da fuska, fuskar a jiƙe take, babu abin da zai tashi. In ya yi nisa ƙwarai, gishiri ya daina isowa, fuskar laka ta ƙame. Haɗarin yana tsakiya: ruwa ya yi kusan da zai riƙa aiko da gishiri, ya kuma yi nisan da ba zai iya jiƙa fuskar ba. Kwarin da ruwansa ke mita ɗaya, aka zuba masa injinan ban-ruwa ya sauka zuwa mita biyu ko uku, cikin wannan haɗari ya faɗa. A ganina wannan ita ce ɓarnar da aka fi yin sakaci da ita, domin ido yana kan tudun da ke gangarowa, ba a kallon rijiyar da ke ƙara zurfi kowace shekara.

Ko ɓawo mai tauri ma ba ya jure abu biyu. Na farko kofato da taya: garke ɗaya ya ratsa, ɓawon ya farfashe, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito fili, kuma ba zai gyaru ba sai ya sake jiƙewa ya bushe. Na biyu rairayin da ke zuwa daga wani wuri. Iska zalla na iya wucewa kan ɓawo kwana da kwanaki ba ta yi masa komai ba, amma in tana ɗauke da rairayi kankare shi take yi. Kwarin Bodele a arewacin Cadi ya nuna iyakar wannan. Gindin tsohon babban Tafkin Cadi ne, shimfiɗe da farar ƙasa mara nauyi da ta samu daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi, in ta kai mita 10 a sakan gutsattsarin ƙasar su fara tsalle, su farfasa kansu su farfasa abin da suka faɗa wa. Kusan kwana 100 a shekara wurin ke tayar da ƙura, kuma daga yankin ne kaso mai yawa na hazon da ke rufe Kano da Damagaram ke tasowa.

To a watsa wa tudu gishiri mana?

Tambaya ce da ake yi, kuma tana da madogara. A ƙasar Sin, hanyar motar da ta ratsa hamadar Taklimakan, wadda aka buɗe a 1995, an yi mata shingen itatuwa na kilomita 436 da aka fara dasawa daga 2003. Da ruwan rijiyoyi fiye da 100 ake shayar da su ta bututun ɗigo, kuma ruwan yana da gishiri daga giram 3 zuwa kusan 30 a lita, alhali ruwan teku giram 35 ne. Gishirin ya yi ɓawo a kan rairayin, ɓawon ya rage zaizaya ya kuma rage tashin ruwa. Amma a dubi sharuɗɗan. Itatuwan duk na hamada ne masu jure gishiri, ba a noma komai a wurin, ba dabbar da ke takawa, rairayin tsantsa ne da ruwa ke wucewa cikinsa da sauri, ɗigon kuma kullum yana ture gishirin zuwa gefen inda ya jiƙe, nesa da saiwa. Ko da hakan, yayyafin ruwan sama na iya narkar da ɓawon ya sauko da gishirin kan saiwa. Shi ya sa mai ban-ruwan ɗigo da ruwa mai gishiri ba ya kashe inji don an yi yayyafi, barinsa yake ya ci gaba da wankewa.

A ƙasar noma lissafin ya sha bamban. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar ruwan da ya wuce giram 2 na gishiri a lita a matsayin mai matsala babba ga ban-ruwa. Wanda ke zuba irin wannan ruwa milimita 5 a yini yana ajiye kilo 100 na gishiri a hekta kullum, tan 10 cikin kwana 100. Albasa, masara da rake su ke fara nuna alama, tumatir ya biyo baya, dabino da dawa sun fi jurewa. Kanwa ta fi gishiri muni, domin tana wargaza laka ta toshe ƙasar, ruwa ya daina shiga. In tsiro ya mutu, an rasa kariyar da ta fi ɓawo ƙarfi da daɗewa. Sauran gishirin da ake zubawa a hanyoyin ƙasa don kwantar da ƙura, na kalsiyom da na maganiziyom, aikinsu janyo laima daga iska ne, kuma sai laimar ta kai wajen kashi 30 cikin 100 suke yi. Da yammacin hunturu takan sauka ƙasa da 20.

Yadda ake duba wuri

Ba sai da ɗakin gwaji ba. A goga babban yatsa a kan ɓawon: in ya fito da farin gari a manne, wurin zai tayar da ƙura. A zuba masa busasshen rairayi tafi guda daga tsayin gwiwa a ga ko yana kwarzuwa. A ɗiga masa ruwan lemon tsami, in ya yi kumfa akwai kanwa ko farar ƙasa a ciki. Baƙin tabo mai maiƙo-maiƙo a gefen farin ɓawo alamar kanwa ce ta narkar da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa. A duba da sassafe a sake dubawa da la'asar, kuma a duba a watan Janairu, domin ɓawon watan Oktoba yaudara gare shi.

Mai son auna danshi ya kankare milimita biyu na sama kawai da gefen gwangwani, ya rufe nan take, ya auna, ya busar a digiri 105 na awa 24, ya sake aunawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗibar ƙasa da cokali har zurfin yatsa, a haɗa jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiyar fuska, a sami adadin da ba ruwansa da abin da iska ke gani. In ƙasar na da kanwa ko gwangwarasa, wannan zafi zai kori ruwan da ke cikin jikin gishirin ma, adadin ya fito sama da gaskiya, saboda haka irin wannan ƙasa a zafi mai sauƙi ake busar da ita. Zurfin ruwa kuma, a kafa bututun roba mai huji-huji a gindi cikin ramin da ya kai ga ruwa, a riƙa aunawa da igiya sau ɗaya a wata, a rubuta. Adadin ƙarshen damina da na ƙarshen bazara, shekara bayan shekara, su za su faɗa ko kwarin na tafiya.

Aikin kansa daga inda rairayin ke tasowa ake fara shi, ba daga bakin lambu ba. Shingen da aka kafa a bakin lambu tara tudu yake yi a daidai wurin da ake gudunsa. Shinge na kalimbo, ko kaba, ko karan gero, tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gindinsa a binne taƙi ɗaya ko fiye, a gicciye da iska. Kada a saƙa shi ƙam: sai kusan kashi 40 cikin 100 nasa ya zama kafa, domin shinge toshe yana sa iska ta yi juyi a bayansa ta tone gindinsa ya faɗi. A fili kwance shinge na kare nisan da ya kai tsayinsa sau goma, a gangaren tudu kuwa dole a matso da layukan. Da yake iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, ta gaban hadari kuma daga gabas, ɗaki-ɗaki ake yin shingen inda iska ke juyawa. A yanki rassan kalimbo a bar gindinsa, in ba haka ba a kafe tudu ɗaya a tayar da wani. Tsakiyar kwari mai kanwa kuma a karkatar da hanyar dabbobi daga kanta lokacin hunturu.

A gona, gwajin da aka yi a tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna karan gero tan 1.5 a hekta, a shimfiɗe, ya rage rairayin da ke tafiya da wajen kashi 60 cikin 100, tan ɗaya kuma da wajen kashi 40. Wahalar ita ce kara na da masu so da yawa, kuma lokacin da aka fi bukatarsa a gona shi ne lokacin da dabba ta fi jin yunwa. In ba zai wadata ba, a tara shi a gefen gabas na gonar da kan wuraren da iska ta saba ci.

Dashe a cikin ɗakunan shingen sai damina ta kankama, laimar sama ta haɗu da ta ƙasa. A tona a tabbatar babu busasshen rairayi a tsakaninsu kafin a sa itace, domin saiwa ba ta ratsa busasshen wuri don neman ruwa. A ture busasshen rairayin sama gefe kada ya zubo cikin ramin, a dasa da zurfi, a mayar da jiƙaƙƙen a danne, sannan a rufe da busasshen don ya tsare laimar. Dakwara, aduwa da kalimbo sun dace da tudu, kuma wurin na bukatar tsaro daga dabbobi na shekara uku ko fiye. Itacen Prosopis da aka shigo da shi daga waje yana kafe tudu da sauri, amma dabbobi na yaɗa irinsa cikin kashi, in ya sauka gindin kwari yakan mamaye lambu ya riƙa shan ruwan da ke jiƙa fuskar ƙasar. A tsayar da shi a kan tudu, duk wanda ya tsiro a ƙasa a tuge shi tun yana ƙarami.